Abin da agarar ɓeraye ta koya mini

Na ajiye aikin binciken man ƙamshin tsirrai da warkewar jijiya, amma akwai maganar da nake so ƙannenmu masu shigowa su ji. Kun san tsarin: a sa wa ɓera maganin barci, a yanke agararsa a ɗinke, sannan a riƙa shafa masa man kanumfari da aka sirka da man zaitun, domin tsantsarsa na ƙona fata.

Agara ba ta son gaggawa, don jinin da ke kai mata kaɗan ne. Kwanakin farko kumburi ne. Daga nan sai ta cike gurbin da kolajin, wato zaren furotin da aka gina agara da shi, amma nau'i na 3, mai rauni kuma a hargitse. Sai wajen mako na 6 take duƙufa wajen musanya shi da nau'i na 1 mai ɗaukar nauyi, aikin da kan ci watanni. Sinadarin yujinol da ke cikin kanumfari yana rage kumburi, don haka naman da muka ciro da wuri ya yi kyawun gani a madubin likita. Kyawun gani kuwa daban, ƙarfi daban.

A nan muka raba gari da shugaban bincikenmu. Na dage sai an kai sauran agarun injin da ke jan su har su tsinke. Da aka ja, ba su fi na ɓerayen da aka shafa wa man zaitun zalla ƙarfi ba. Ya ce a cire wannan ɓangaren daga takardar binciken, hotunan madubin likita sun wadatar. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne ka ba hotunan maki, kuma ka san rukunin da kowanne ya fito." Ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwaji da dabbobi, da suka fito a 2010 aka sabunta a 2020, sun nemi a bayyana ko mai ba da maki ya san rukunin. Sai ya tambaye ni, a gaban ɗalibai, ko an haife ni lokacin da ya fara bincike. Takardar ta fito babu sakamakon injin, babu sunana.

Sunan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ɓerayen sun fi damuna. Ni na riƙe su, ni na ga yadda suke ɗingishi bayan tiyata. Tun 1959 aka shimfiɗa ƙa'idar rage yawan dabbobin gwaji da sauƙaƙa musu wahala. Duk wanda ya ɓoye sakamako ya jawo wani ya sake yanka wasu kan tambayar da aka riga aka amsa. Kuma wata rana mai doki zai ji labari, ya shafa mai, ya ga kumburi ya saɓe, ya mayar da dabbarsa sukuwa alhali jijiyar ba ta ƙosa ba.

Sauran darussan gajeru ne. A auna sinadaran kowace kwalba, domin man tsiro ɗaya kan bambanta gwargwadon ƙasa da lokacin girbi. Rukunin kwatance ma, wato ɓerayen da ba a shafa wa man kanumfari ba, a murza musu ƙafa daidai da sauran. A daidaita batun sunayen da za su fito a takardar bincike a rubuce kafin a taɓa dabba ko ɗaya.

Alƙaluman injin suna nan a littafina, kowane da kwanan watansa. Duk ɗalibin da ke shirin maimaita gwajin, zan nuna masa kafin ya nemi izinin kwamitin kula da dabbobi.