Zaɓen ɗan majalisa babu babbar abokiyar karawa

Na riƙe ɗakin tattara sakamako na wani ɗan takarar majalisa a zaɓen da babbar jam'iyyar da muka saba karawa da ita ba ta tsayar da kowa ba. Tambayar da ya kamata mu yi tun farko, muka makara wajen yin ta, ita ce: me ya hana su? Amsarta ce ke tsara sauran aikin.

Wani lokaci al'ada ce, kamar a Birtaniya inda manyan jam'iyyu kan bar wa Kakakin majalisa kujerarsa; haka aka yi wa Lindsay Hoyle a Chorley a 2019. Wani lokaci ƙauracewa ce, kamar Bangaladesh a 2014, inda babbar jam'iyyar adawa, BNP, ta ƙi shiga, aka ci kujeru 153 cikin 300 ba hamayya. Waɗannan da sauƙi, domin jam'iyyar da kanta ta janye. Mai wuyar ita ce wadda aka fitar ba da son ranta ba, ko dai zaɓen fidda gwaninta ya lalace ko ta makara wajen miƙa sunaye. Irin wannan tana kotu, kuma ana saura 'yan kwanaki za a iya mayar da tambarinta kan takardar ƙuri'a. A Zamfara a 2019 hukumar zaɓe ta ƙi karɓar 'yan takarar APC, kotu ta mayar da su, suka ci, sannan ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unsu sun tafi a banza. Kujerun sanata 3 da na majalisar wakilai 7 suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. Tun daga nan nake cewa a ajiye lauya ɗaya da ba shi da aiki sai bin shari'ar abokan hamayya, ko da ba a saka sunanku a ciki ba.

Magoya bayan jam'iyyar da ba ta nan ba sa ɓacewa. Wasu za su zauna a gida, wasu su lalata ƙuri'a da gangan, wasu kuma su bi ƙaramar jam'iyyar da manyansu suka nuna musu a ɓoye. Na ukun nan ne ke kayar da mutum. Mun ɗauko sakamakon zaɓen baya rumfa-rumfa, muka yi wa duk inda jam'iyyar da ba ta nan ta ci jan layi, muka sa ido kan ƙaramin ɗan takarar da ya wayi gari da sababbin fastoci da motoci a makonni biyun ƙarshe.

Kuskurenmu kuwa rage wakilai. Muka bar mutum ɗaya a kowace rumfa, har muka janye masu kai tsofaffi wurin zaɓe, wai ai an riga an ci. Namu ma haka suka ɗauka, suka yi zamansu. Wakilai biyu ake so a kowace rumfa: ɗaya ya tsaya kan akwati, ɗaya ya bi takardar sakamako zuwa wurin tattarawa.

Kafin wakili ya sa hannu, ya haɗa lissafi da kansa. Takardun da aka jefa, da waɗanda suka lalace a hannun jami'i, da waɗanda suka rage, dole su yi daidai da adadin da aka kawo da safe. Ƙuri'un akwati kada su haura mutanen da aka tantance. A nan ne yaranka masu zaƙewa suka fi abokin hamayya haɗari: ganin rumfa shiru babu mai sa ido, sai wani ya so ya ƙara ƙuri'u, a soke rumfar baki ɗaya, ku rasa har na halak ɗinku. Duk ƙuri'ar da aka ce ta lalace, a ɗaga ta kowa ya gani, a ɗauki hoton takardar sakamako tun tawadar ba ta bushe ba.