Ruwan da Ke Cin Gombe Daga Tsakar Gidajenmu Yake Fitowa

Sana'ata gini ce, kuma a Gombe nake yin ta. Kusan duk wanda ya ba ni aiki, maganarsa ta ƙarshe ɗaya ce: "Malam, a malale min tsakar gidan nan da siminti har bakin ƙofa." Ba ya son ganin ƙasa ko da faɗin tabarma. Nan ne gardamata da masu gida take farawa, kuma ba na gajiya da ita.

Garin nan a gangare yake zaune, ƙasarsa kuma rairayi ce marar danƙo. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gonakin da ke kewaye da gari suka koma filaye, filayen suka koma gidaje. Ruwan da gona ke shanyewa a da, yanzu kwano da daɓe ke tarbarsa. Ku yi lissafin da ni: rufin da ya kai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa mai milimita 30, zai zubo da lita 3,000. Duro 15 ke nan, daga gida ɗaya, a yammaci ɗaya. Indararo ya watso shi kan siminti, siminti ya miƙa shi lungu, lungu ya haɗa na gidaje ɗari ya nufi gangare da shi. Kafin ya isa unguwannin ƙasa ya zama abin da ke yanke hanya, ya ci katanga, ya kwashe kabari.

Ban raina aikin kankare ba. Wanda ya san yadda kwazazzabon da ya taso daga jami'ar jiha ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal yake kafin NEWMAP, shirin gwamnati na yaƙi da zaizayar ƙasa, ya gyara shi, ya san an ceci gidaje da rayuka. Sai dai magudanar kankare ba ta shan ruwa, kai shi gaba take yi da gudu.

Akwai wani dattijo da na yi wa gyaran katanga a bakin wani ƙaramin kwari. Shi da kansa ya dasa ciyawar jema a jere, tushe kusa da tushe, ta gicciye gangaren bayan gidansa. Na tsuguna na duba. A bayan layin ciyawar, yashi da ganye sun taru har sun yi tudu, ƙasar wurin da danshi, ga tsutsa a ciki. Na kama tushe ɗaya na ja da ƙarfina, ko motsi bai yi ba, don saiwar jema ƙasa take nutsawa, tana iya wuce mita 2. Na ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?" Ya ce a fadamar garinsu ya ga inda jema take ba ya zaizayewa. Gefen maƙwabcinsa, inda babu komai, ya rufta har gindin ɗaki.

Shirin 3G da gwamnatin jiha ta fara a 2019, na dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara, abu ne mai kyau. Amma dashen da ba a yi wa keji ba na awaki ne, wanda kuma bai sami mai ba shi ruwa a Maris da Afrilu ba, ba zai ga damina ba. A cikin gida wannan da sauƙi: ruwan alwala kaɗai ya isa ya raya darbejiya ko mangwaro.

Abin da nake roƙon masu gida ba shi da yawa. A daɓe hanyar mota da bakin ɗakuna, a bar sauran ƙasa. A haƙa rami nesa da tushen gini, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a juya indararo ya zuba a ciki. A sa bishiya ɗaya inda rana ke dukan bango da la'asar. Wasu kan ce laka za ta ɓata musu gida. Ga waɗannan nakan kawo shawarar intalok da aka jera kan yashi, ba tare da siminti a ƙarƙashi ba, ruwa ya riƙa bi ta tsakanin duwatsun. Galibi sai na lissafa musu buhunan simintin da za su rage saye sannan suke cewa, "To, Malam, yi yadda ka gani."