Buhun da ba tsakuwa

Injin casar shinkafa nake da shi a Argungu. Ƙarami ne, ba sa'an manyan kamfanonin casa irin WACOT ko Labana ba, ma'aikatana har da matan da ke yi mana gumi ba su kai ashirin ba.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, 'yar waje ta yi wuya, kasuwa ta buɗe wa irinmu. Amma ƙorafin masu saye guda ne: 'yar gida akwai tsakuwa. Sai muka zauna a rumfar injin muka ƙulla cewa buhun da ya fita da tambarinmu ba za a tauna tsakuwa a cikinsa ba. Kowa ya ce ya amince. Amincewa a wurin taro ba ta da wuya, ranar aiki ake gane wanda ya riƙe maganar.

Abin da ya taimake mu shi ne kowane mataki an ɗora shi a wuyan mutum guda, da sunansa. Mai sayo samfarera, wato shinkafar da ba a cashe ba, daga fadamun Augie da Suru sai ya soka hannu har gwiwa a buhu kafin ya biya, don a sussuka a ƙasa ake fara kwasar tsakuwa. Masu gumi su jiƙa ta kwana, su turara har ɓawon ya tsage, sannan su shanya a kan tamfol, ba a gefen titi ba. Nan ne aikin yake. Idan aka bar ta ta sha rana mai zafi lokaci guda, a injin za ta kakkarye, don haka ake ƙarasa ta a inuwa, ana motsawa. Wata dattijuwa cikinsu haƙori kawai take sa wa ƙwaya, ta ce maka ta yi ko da saura, kuma injin bai taɓa ƙaryata ta ba. Mai kula da injin cire tsakuwa kuwa kullum sai ya share rariyarsa kafin a tashi.

Duk Alhamis bayan la'asar muna jawo buhu guda daga tsakiyar tari, mu ɗebi kwano mu baza a faranti, kowa na kallo. Ba don a kunyata wani ba, don a san inda ɓarakar ta fito.

Jarrabawa tana zuwa ne ranar da motar Legas ke jira, dillali na ta buga waya. Wani yaro ya taɓa ce min, "Alhaji, a bar tacewa ta biyu, ai ba mai ganewa." Na ce masa matar da za ta dafa wa 'ya'yanta za ta gane. Mota ta kwana, na biya direba kuɗin jira, da safe aka loda buhuna masu kilo 50 da aka tace sau biyu.

Yanzu yaron nan shi ke riƙe da littafin dubawar Alhamis, kuma makon jiya buhu shida ya mayar injin.