Abin da aiki da mutane ya koya min game da ƙwazo

Duk wanda aka taɓa ba shi mutane ya kula da aikinsu ya san maganar nan da ake saurin jefawa, wai "wane ai malalaci ne". Ni dai tun da na fara jagorantar ƙananan ma'aikata na daina saurin yarda da ita, saboda na sha ganin mutum yana jan ƙafa a ƙarƙashin wannan ogan, ana mayar da shi wani sashe sai ka rantse ba shi ba ne, shi ne farkon zuwa shi ne ƙarshen tashi. To halinsa ne ya canza cikin wata guda? Masanin halayyar ɗan Adam Lee Ross ya yi rubutu kan wannan raunin namu tun 1977, cewa idan wani ya gaza halinsa muke ɗora wa laifi mu manta da yanayin da yake ciki. Amma fa ranar da mu muka makara, nan take za mu tuna da ciwon kan da muka kwana da shi.

Kuɗi kuma, wallahi ba na raina su, wanda ba a biya shi haƙƙinsa ba kar ma ka fara yi masa wa'azin ƙwazo. Sai dai kuɗi suna da iyakarsu. A wani bincike da ya wallafa a 1971, masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗe-haɗe mai wasa ƙwaƙwalwa, wasu ya riƙa ba su dala 1 kan kowane wanda suka haɗa, da aka janye kuɗin sai sha'awarsu ta ragu, suka rage taɓa wasan a lokacin hutu, su kuwa waɗanda ba a taɓa biya ba ba su yi sanyi haka ba. Daga baya shi da abokin aikinsa Richard Ryan suka ce abu uku ne ke riƙe ƙwazon da ke fitowa daga cikin mutum: ya ji yana da ta cewa a aikin, ya ji yana ƙwarewa, ya kuma ji akwai waɗanda suka damu da shi a wurin.

Na farkon nan shi ne ya fi tsaya min a rai don na ga yadda ake kashe shi da idona. Wata yarinya sabuwar ɗauka ta kwana biyu tana haɗa rahoto, ta kai wa shugaban sashe tana ɗan murmushi, shi kuma ko ɗaga kai bai yi ba ya zaro jan biro ya bi layi layi yana sokewa, ya tura mata takardar ta gefen tebur ya ce "je ki yi yadda na rubuta". Ba zagi ba tsawa, amma daga ranar ba ta ƙara kawo shawara ba, duk abin da aka tambaye ta sai "yadda kuka ce ranka ya daɗe". Da aikinta ya dawo hannuna tambaya kawai na riƙa yi mata, "ke ta ina kike ganin ya kamata mu fara?" Da farko shiru take yi tana jiran tarko, sai da aka ɗauki lokaci kafin ta yarda da gaske nake.

Sai batun fushi, wanda ba a cika son magana a kansa a ofis ba alhali shi ke ɓata rabin mitin. Danne shi ba ya kashe shi, fuska ce kawai ke ɓoyewa jiki na ci gaba da tafasa. Abin da ya fi min amfani shi ne in faɗa wa kaina ainihin abin da nake ji kafin in buɗe baki, kuma sau da yawa sai in tarar ashe kunya ce don an gyara min magana a gaban na ƙasa da ni, ko tsoron kar a ce ban iya ba. Binciken masanin ƙwaƙwalwa Matthew Lieberman na 2007 ya nuna cewa ambaton abin da ake ji da sunansa yana rage motsin sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da firgici. Saƙon da ka rubuta rai a ɓace kuwa, bar shi ya kwana kafin ka tura.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi shi ne yadda ake karɓar labari mai daɗi. Kowa ya iya jaje, amma abokin aiki ya zo da murna ya ce ya ci jarrabawar ƙarin girma, sai ka ji an ce "to madalla" ido na kan waya, ko a fara lissafa masa wahalar sabon muƙamin. Masaniyar halayyar ɗan Adam Shelly Gable da abokan aikinta sun nuna a 2004 cewa yadda ake amsa irin wannan labarin yana da alaƙa sosai da ƙarfin dangantaka. Yanzu in wani ya zo min da nasa kifa wayar nake yi in juyo in ce "haba dai, yaushe aka faɗa maka, wa ka fara kira?" in bar shi ya ba ni labarin har ƙarshe, kuma a gida ma haka nake yi da yara idan sun dawo da takardar sakamako.