Lissafin kayan Gimbiya

Yau jaririyata Gimbiya ta bar ni na yi barci mai kyau bayan asuba, alhamdu lillahi. Na tashi da ƙarfina, na yi wanki na shanya, sannan na ɗauko littafin lissafina. Pampas ne dai ke cinye rabin shafi. A makonnin farko jariri kan ɓata guda 8 zuwa 12 a rana, wato wata ɗaya kawai sai a tasam ma 300. Ban tara ƙaramar lamba da yawa ba, tunda nas ta ce wajen wata 5 nauyin jariri kan ninka na ranar haihuwa. Rigunan da na saya mata tun tana ciki ma, tuni maɓallin wuya ya ƙi haɗuwa.

Ina cikin rubutun sai ga Yaya. Ta ɗauki Gimbiya tana mata wasa, can ta bi ɗakin da kallo ta ce, "Ke, ina kayan yarinyar nan? Ba filo, ba hoda, ba keken koyon tafiya? Gadon ma fayau."

Na ce, "Yaya, da gangan na bar shi haka. Likitoci sun ce a kwantar da jariri rigingine a kan katifa mai tauri, ba filo, ba bargo mai laushi, ba 'yar tsana, don kada wani abu ya toshe masa numfashi." Na gaya mata hoda kan tashi jariri ya shaƙa ta shiga huhu. Keken kuwa, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yadda yara ke gangarowa da shi daga matakala.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Ko dai kuɗin ne bai isa ba? Ki faɗa mini, ni ba baƙuwa ba ce."

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat har dare. Na san da zuciya ɗaya ta yi ta, Yaya ba ta taɓa ganina cikin matsi ta kau da kai ba. Amma abin ya yi mini ciwo, a ce an leƙa ɗakin 'yata an ga kamar an rage ta da wani abu. Kuɗinmu a ƙirge yake, wannan gaskiya ne. Ni da Abbanta mun zauna tun kafin haihuwa muka ware abin da ake saye kowane wata, da abin da ake saye sau ɗaya, da wanda ba a taɓawa sai ranar asibiti. Na ƙarshen nan ba mai ganinsa idan ya shigo ɗaki. Ma'aunin zafin jiki yana cikin durowa, shi ma ba ya ɗaukar ido, alhali jaririn da bai kai wata 3 ba, da zafinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius sai a nufi likita, ko tsakar dare ne. Ranar nan nake tsoro ta same mu hannu babu komai saboda mun cika ɗaki da tarkace.

Gwangwanin madara ma ta tambaya. Na ce nono zalla nake ba ta har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, in Allah Ya bar ni da lafiya. Nan dai ba ta ja ba.

Da za ta tafi ta ce za ta aiko mini da rigunan da autarta ta fi ƙarfinsu. Waɗannan kam na karɓa hannu bibbiyu.

Abbanta ya dawo a gajiye, ban iya ba shi labarin ba. Sabulun wanka ya kusa ƙarewa. Jibi rigakafi, har yanzu ban ga inda na ajiye katin ba.