Gilashi a juye, ƙwaro a gaba

Shagon hoto nake da shi, kuma hoton biki da na fasfo ne ke ciyar da gida. Amma akwai aikin da nake yi a gefe wanda ya fi shiga raina: ɗaukar ƙwari kusa-kusa, har ka ga gashin ƙafar ƙuda.

Gilashin kyamarar da aka ƙera don wannan aiki ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago. Sai na bi tsohuwar dabarar masu hoto: ka cire gilashi, ka juya shi, gabansa ya koma baya. Akwai zoben ƙarfe da ake murɗawa a bakin gilashin, ɗaya gefen ya shiga jikin kyamara. Na Nikon sunansa BR-2A, faɗinsa milimita 52. Gilashi mai milimita 50 (lambar nisan gani da ke rubuce a jikinsa, ba faɗin baki ba) a juye yana fito da ƙwaro kusan daidai girmansa a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, mai 28 kuwa ya kai ninki biyu.

Sai dai da zarar ka juya, kyamara ta daina jin gilashi, saitin da take yi da kanta ya tafi. Shi ya sa nake farautar tsofaffin gilasai masu zoben ƙofar haske (ramin da haske ke shiga ta ciki) a jikinsu, irin waɗanda dillalan kayan hannu ke neman kai da su. Saiti da jikinka za ka yi shi: ka matsa, ka ja baya, ka riƙe numfashi. Tsakaninka da ƙwaron bai wuce yatsu uku ba, kuma wurin da ke fitowa tas bai kai milimita ɗaya ba. Ido ya fito, fiffike ya dishe. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11, duhu ya rufe ka, dole sai filasha. Ita kuma filasha tsirara wanke bayan ƙwaro mai sheƙi take yi fari fat. Ni da farar takarda da kofin roba nake tausasa hasken.

Da sassafe nake fita, kafin sanyi ya saki fara da ƙudan zuma. Da hunturu kam sai a hankali, domin bayan gilashin da aka yi don zama a ciki yanzu yana fuskantar ƙura.

Kuɗin daga ɗaliban aikin gona da masu sayar da maganin feshi yake zuwa. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, suna neman hoton da zai nuna alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu kusa da wutsiya, don kada manomi ya ɗauke ta mai huda kara. In mataccen ƙwaron wake aka kawo mini, sai in yi ta ɗauka ina matsawa kaɗan-kaɗan, in haɗe hotunan a kwamfuta da manhajar Helicon Focus, ya fito tas daga kai har ƙafa. Da awannin zama nake yanke farashi, kuma a nan ciniki yake zafi, domin mai saye hoto ɗaya kawai yake gani a hannunsa.