Sakan 10.4 ɗin da aka ba ɗan yayata

Asabar ɗin da ta wuce na je intahaus, wato gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, ta makarantar su ɗan yayata a nan cikin Bauchi, shi ke yi wa gidansu gudun mita 100, kuma wallahi yaron nan yana gudu. Takalmin ma cire shi ya yi ya ajiye a gefe wai nauyi yake masa, ana busa usur sai ƙura kawai, kafin in gama miƙewa daga benci ya ba na biyu ratar taku huɗu. Malamin da ke tsaye a bakin layi da waya a hannu ya duba ya ɗaga murya, 10.4! Fili ya kaure da ihu, abokansa suka ɗaga shi sama.

Da muka hau mashin za mu koma gida yake ce min, "Kawu ka ji ko, saura ƙiris in kamo Bolt."

Na daɗe ban ce komai ba, don ba na son in kashe masa gwiwa, amma kuma ba zan iya barinsa da lambar da na san ba tasa ba ce. Usain Bolt 9.58 ya yi a Balin a 2009, har yau ba wanda ya taɓa ta, kuma ko da 10.4 ɗin gaskiya ce to Bolt zai tsallaka layi shi yana baya da wajen mita takwas. Ƙiris ɗin kenan.

Sannan ita kanta 10.4 ɗin. Malamin yana can ƙarshen fili, sai ya ji ƙarar usur zai danna, ita kuwa ƙara kafin ta ci mita 100 ta iso kunnensa ta cinye kusan kashi uku cikin goma na sakan, yara sun riga sun tashi, ga ɗan jinkirin yatsa a kai. Shi ya sa masu riƙe agogo na asali hayaƙin bindiga suke kallo ba ƙararta suke jira ba, kuma duk da haka sai an ƙara 0.24 a kan lokacin hannu kafin a gwada shi da na na'ura. Filin ma na tambaya, da taku aka auna shi. Ga iskar hunturu tana tura su ta baya.

Maganar iskar nan ba wasa ba ce fa. In ta wuce mita 2 a sakan ɗaya ta bayan mai gudu, ba a karɓar lokacin a matsayin tarihi. Tobi Amusan tamu a Oregon a 2022 ta yi 12.12 a zagayen kusa da ƙarshe na tseren tsallake shinge, ta kafa tarihin duniya, a ranar dai ta dawo ta yi 12.06 a na ƙarshe ta ci zinare, amma aka ce wannan ba ya shiga littafi saboda iska ta yi yawa. Olusoji Fasuba kuma 9.85 ya yi a Doha a 2006, ya riƙe kambun Afirka shekara 15, da Akani Simbine na Afirka ta Kudu zai ƙwace a 2021 da 9.84 ya ƙwace, ɗaya cikin ɗari na sakan, kafin Ferdinand Omanyala ɗan Kenya ya zo da 9.77 a shekarar. Abin da ake awo haka shi ne muke yi da yatsa a kan waya.

Abin da ke ci min rai shi ne ba wanda ya san ainihin gudun yaron nan, har shi kansa. Wataƙila sha ɗaya da wani abu ne, kuma ga ɗan shekara 16 da ba takalmi, ba koci, a kan jar ƙasa, wannan abin a riƙe ne da hannu biyu, da lambar gaskiya koci zai san inda zai fara. Amma in ya tafi da 10.4 a kansa, ran da ya fara tsayawa gaban na'ura ta nuna masa gaskiya zai ɗauka lalacewa ya yi, ya watsar da gudun gaba ɗaya.

Duk na faɗa masa wannan a zaure bayan magariba. Ya yi shiru yana murza yatsun ƙafarsa da tsakuwa ta fasa, can ya ce, "To Kawu yaushe za a auna min na gaske?" Na riga na aro tef wajen wani magini a unguwarmu, Asabar da sassafe kafin iska ta taso za mu fita mu auna mita 100 cif, ƙaninsa zai ɗaga ƙyalle a wajen tashi, ni kuma in ɗauki bidiyo a bakin layi.